Tukunyar Inna da Wutar Ambuba

Tukunyar tuwon Inna ba ta iya zama da kanta. Gindinta zagayayye ne kamar ƙwarya, in ka ajiye ta a ƙasa sai ta karkace gefe guda. Daga waje baƙa ce wuluk, ciki kuwa muciya ta goge ta har tana ɗaukar ido. Ga kauri, ga nauyi, ga kunnuwa biyu da ake kamawa da tsumma. Inna ta gaje ta ne daga uwarta, wadda iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, suka yada zango a Umdurman, zangon ya zame musu gida. A rumfar girkinmu na buɗe ido na gan ta. Har na girma na yi aure, auren ya ƙare, na dawo gida na kafa keken ɗinkina, ban taɓa ganin Inna ta tuƙa tuwo a wata tukunya ba.

Duk tsawon shekara muna cin tuwon nan, amma azumi ne lokacinsa. A unguwarmu maza ba sa shan ruwa a cikin gida. Rana na yin ja za a yayyafa wa ƙofar gida ruwa, a shimfiɗa tabarmi a bakin titi, kowane gida ya fito da siniyarsa, wato babban tiren nan da ake jera abinci a kai. Duk wanda magariba ta riska a hanya, ko an san shi ko ba a san shi ba, sai an tare shi an zaunar. A tsakiyar siniyar gidanmu akwai akushi guda na tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Maƙwabtanmu Larabawa suna ce masa asida, Inna kuma ta ce su kira shi abin da suka ga dama, ita dai tuwo ta tuƙa. Ko bayan rasuwar Baba, akushin nan bai taɓa fashin fita ba.

Tarin ya fara kamar wasa. In tana fifita gawayi sai ta ɗan yi gyaran murya, ta ce yaji ne. Daga baya ya zama ko dariya ta fara, tari ne ke ƙarasa mata ita, har sai ta dafe ƙirji hawaye na zuba. Inna kuwa mace ce mai son dariya, sai ga shi tana gudun abin dariya. Da ƙyar na ja ta zuwa asibiti a Khartoum, saura 'yan makonni a ga watan azumi.

Likitan ya daɗe yana sauraron bayanta, sannan ya tambaye ta da me take girki. Ta ce da abin da uwarta ta yi.

Ya ce, "Hajja, ƙirjin nan ya sha hayaƙi ya ƙoshi. Daga yau ke da gawayi sai hange daga nesa. In kika koma, ni kam ba ni da wani maganin da zan ba ki."

Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta juyo ta ce min da Hausa, "Tambaye shi, da rana zan dafa tuwon?"

Ban tambaye shi ba. A cikin mota na kira ƙanena na gaya masa. Direban bas ne, yana zaune a unguwar Kalakla da iyalinsa, mutum ne mai kirki amma akwai shi da gaggawa. In ya ji abu da safe, kafin azahar ya aikata, tunanin sai ya biyo baya. Washegari sai ga shi a ƙofar gida da kaya niƙi-niƙi: butagaz, wato murhun gas, fari sol mai kai huɗu, tsayinsa ya kai ƙugu, da ambuba, wato tulun ƙarfen da gas ke ciki, da kwalin tukwane masu walƙiya da ya sayo a kasuwar Suk al-Arabi, marafansu na gilashi, mariƙansu na roba.

Ya ce, "Halas, Inna, wahala ta ƙare. Murɗawa kawai za ki yi, wuta ta kama."

Inna ta ɗaga babbar tukunyar cikinsu da yatsa biyu, ta ƙwanƙwasa gindinta, ta ce, "Wannan ai gwangwanin madara ne aka yi masa kunne."

Duk da haka ta gwada, don kada ransa ya ɓaci. Ita gajera ce, butagaz ɗin kuma dogo, sai ga Inna a tsaye tana ɗage kamar mai leƙa katanga. Ta yi talge, kafin ya yi kauri gindin ya kama. Da ta zuba gari ta sa muciya, tukunyar ta fara yawo a kan ƙarfen, ta yi gabas ta yi yamma. Ƙanena ya ƙure wutar don abin ya yi sauri, harshenta ya zagayo ta gefen tukunya ya lashi mariƙin roba, gida ya cika da wari. Tuwon da muka kwashe ranar, ƙasansa ƙonanne, samansa ɗanye. Kajin maƙwabta ne suka amfana.

Bayan kwana biyu ta ce a kawo mata tukunyarta. A nan ne muka yi babban kuskure. A gidanmu ba a ɗora tukunya a wuta sai an kwaɓa toka da ruwa an shafe gindinta da kauri, don in an zo wanki baƙin ya fita tare da tokar. Haka kakata ta yi, haka Inna ta yi, ni ma haka aka koya min, hannu ne ke yi ba tare da an yi shawara da kai ba. Ni da kaina na miƙo mata tokar daga tsohon murhu. Ta shafe gindin tas, muka kinkima muka ɗora.

Da zafi ya bugi tokar sai ta bushe, ta tsattsage, ta rinƙa zubowa kan ƙananan hudojin da wutar ke fitowa. Wutar da take shuɗiya ta koma ja, gefe guda ya mutu, warin gas ya tashi. Ina sunkuye ina leƙen abin da ke faruwa, Inna ta danna muciya. Tukunya mai zagayayyen gindi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, me zai riƙe ta? Ta kwanta gefe, talge mai tafasa ya zubo mata a bayan ƙafa. Ta ja baya da sauri, bakin tob ɗinta, mayafin nan namu da ake naɗawa, ya share kan wutar. Na fizge shi na murtsuke da hannu, na ruga na rufe ambuba. Muka zaunar da ita, ƙafar a cikin ruwan sanyi, ni ina kuka ina faɗa lokaci guda, ban ma san da wa nake faɗan ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dubi butagaz ɗin ta ce, "Halas. Ni da abin nan har abada."

Ƙunar ba ta yi zurfi ba, ta warke. Inna ce ba ta warke ba. Ta koma kan gadon igiya a inuwa, carbi a hannu, ba ta leƙa rumfar girki. Ni na karɓi girkin, shinkafa yau, taliya gobe, wani lokacin in sayo kisra, siririyar gurasar dawar nan, a bakin titi. Takan tsakuri loma biyu ta ture kwano. Tarin ya ragu, wannan gaskiya ne, amma ita ma raguwa take yi a kan idona.

Wata rana na dawo daga kai wa wata amarya ɗinkinta a unguwar Dar Salam, tun daga ƙofa na ji ƙamshin tuwo. Na tarar da ita a bayan ɗaki, ta jawo tsohon murhun gawayi ta ɓoye shi da buhu, tana tuƙi tana tari, tarin da har ya sa ta saki muciya ta dafa bango. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Ni dama ba a san ni da sanyin baki ba, a ɗakin Inna na sha wannan nonon. Na ɗebo ruwa na sheƙa wa gawayin.

Na ce, "Inna, kashe kanki kike so ki yi a kan tuwo? In tuwo ne ni zan tuƙa, ki zauna a ɗaki ki rufe ƙofa!"

Ta ce, "Ke? Tuwonki da in an jefi kare da shi sai ya yi ƙara?"

Wannan kam ba ƙarya ta yi ba. Allah ya ba ni hannun allura, bai ba ni na muciya ba. Kuma tsakar gidanmu ƙarama ce, duk inda aka hura gawayi hayaƙin sai ya iske ta.

Da numfashinta ya dawo, ta yi magana a hankali, ba faɗa. Ta ce, "Ke tsoro kike yi kada in mutu. Ni kuma tsorona a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan nan, abokan babanku su duba su ga babu akushinsa. In har ba hannuna ne ya tuƙa ba, to na riga na bi shi, jikin ne kawai ya rage muku."

 Na shiga ɗaki na zauna gaban keke, ban ɗinka komai ba. Na san in azumi ya kama ban samo dabara ba, za ta koma wa gawayi, ko ina so ko ba na so, kuma ba zan iya gadin ta kullum ba.

Da safe na fito da tukunyar, na ɗora ta a kan murhun gawayin ba wuta, na ajiye banbar, 'yar kujerar igiyar da take zama a kai. Na ce ta nuna min yadda take tuƙi, ko zan koya. Ta harare ni, amma wa ya taɓa roƙon Inna ta nuna gwaninta ta ƙi? Ta zauna. Na tsaya ina kallo, kallon da ban taɓa yi mata ba duk tsawon shekarun nan. Gindin tukunyar ya nutse cikin ramin murhun ya zauna daram. Ta naɗe tsumma a tafin ƙafafunta ta dafe tukunyar ta gefe da gefe. Ta kama muciya da hannu biyu, ta sunkuyo, bayanta da kafaɗunta da ƙugunta duk suna aiki, muciyar na bin zagayen gindin ba inda take tsallakewa. Ashe Inna ba da hannu kaɗai take tuwo ba, da jikinta duka take yi, kuma a zaune.

Nan take na gane ba wutar ce matsalarmu ba. Mun ɗauki mace mai tuƙi a zaune mun tsayar da ita, mun raba ta da ƙafafunta, mun ɗora tukunya mai gindin ƙwarya a kan faranti, sannan muna mamaki.

Ban gaya mata komai ba. Na naɗe tukunyar a tsohon zane, na tare raksha, mai ƙafa ukun nan, na ce a kai ni layin maƙera a kasuwar Umdurman. Kafin ka isa wurin kunnenka ya riga ka isa. Na zaɓi wani dattijo da na ji yana zagin guduma da Hausa yana ba ta haƙuri da Larabci. Na kwance tukunyar na gaya masa abin da ya faru.

Ya jujjuya ta ya ce, "Basita, abu mai sauƙi. Ko in daddaɓe gindin ya baje, ko ki bar ta, ga masu shimfiɗaɗɗen gindi can, masu kauri, tamam a kan butagaz."

Na ce, "Usta, in gudumarka ta taɓa gindin nan, mai ita za ta zo da kanta, kuma ba za ka ji daɗi ba. Mai shimfiɗaɗɗen gindi tana da lungu, gari zai maƙale a ciki ya yi gudaji. Tukunyar ba ta da laifi. Murhu nake so ka yi mata."

Na tsuguna na zana masa a ƙasa da yatsa. Kawanya ta ƙarfe mai kauri, daidai yadda gindin zai nutse a ciki, da ƙafafu uku a buɗe kamar duwatsun murhu, don ko ƙasa ba daidai ba ta zauna. A ƙarƙashinta kuma a sa kan gas guda ɗaya na ƙasa, irin na masu suyar ƙosai a bakin tasha. Ƙafafun Inna da tsumma ba za su kusanci wutar gas ba, saboda haka na ce ya lanƙwasa min sanduna biyu na ƙarfe, kowanne da ƙugiya da za ta kama kunnen tukunya, ɗaya bakin ya kwanta a ƙasa can nesa da wuta, ta taka.

Ya kalle ni ya kalli zanen, ya ce, "Ya hajja, ke tela ce ko?"

Na ce me ya gani. Ya ce, "Kin zo kina auna wa tukunya riga."

Ya ƙera, na kai gida na gwada a ɓoye lokacin da Inna ke barcin rana. Kawanyar ta yi ƙasa da yawa, tukunya ta danne wutar ta hana ta iska, sai ta yi ja tana fitowa ta gefe. Na mayar masa. Ya yi ta mita, ya ƙara wa ƙafafun tsawo, wannan karon kuma ya wuce, wutar na lasar iska tukunya na can sama. Na sake komawa. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin mace mai naci irina ba, na ce ai bai ga uwata ba. Da muka daidaita, wutar ta tsaya shuɗiya, ta buɗe a ƙarƙashin gindin kamar tafin hannu, ba ta hawa gefe.

Na kafa shi a rumfar girki, inda iska ke shiga ta fita. Ambuba na tsayar da ita can bayan 'yar katanga, na sa sabon tiyo mai tsawo, na bi da shi ta gindin bango don kada ƙafa ta harɗe. Na kaɗa kumfar sabulu na shafa a duk mahaɗa ina duba ko za ta yi ƙwai, ba ta yi ba. Farin butagaz ɗin ƙanena ban wulaƙanta shi ba, na bar shi wa shayi da miya, na samo masa tukunya mai kauri mai shimfiɗaɗɗen gindi da kunnuwan ƙarfe. Tukwane masu walƙiya kuwa na jera su a kabad, suna yi wa baƙi kyau.

Inna ta ga komai, ta yi kamar ba ta gani ba. Da na ce ta zo ta duba, ta ce, "Na ce halas, ko ba Larabci na yi miki ba?" Na sake magana, ta juya min baya. Har aka ga wata muna haka, ni da ita ba mai sassauci.

Ranar farko ta azumi ƙanena ya zo daga Kalakla tun da la'asar, don shi ke fita da siniya. Ya ja ni gefe ya ce ko ya je ya sayo asida a wurin wata mata a bayan masallaci, a zuba a akushin Baba, ba wanda zai sani. Na ce Inna za ta sani, ya koma ya zauna.

Na jawo gadon Inna zuwa inda za ta iya ganin rumfa, na ce wai inuwa ta fi a nan. Na ɗauko tukunyar na wanke, na goge gindinta ya bushe, na ɗora a kan kawanya.

Daga kan gado na ji an ce, "Toka fa?"

Na ce, "Ba toka. Ita ce ta toshe mana wuta rannan."

"Za ki wanke baƙin da haƙoranki."

"In ta yi baƙi, na yarda."

Na kyasta ashana tukuna, sannan na murɗa. Ruwa ya tafasa, na yi talge, na rufe. Da ya nuna na zauna a banbar, na maƙala ƙugiyoyi a kunnuwan tukunya, na taka sandunan, na fara zuba gari. Na zuba da yawa lokaci guda. Na riƙe muciyar a tsakiya kamar mai riƙe tsintsiya, ina dama ta sama-sama. Rabin abin da gangan na yi, rabin kuma iyakar iyawata ke nan. Gudaji suka fara tasowa manya-manya.

Na ji carbi ya daina motsi. Na ci gaba. Na ji gado ya yi ƙara.

"Ke 'yar nan, tuwo kike yi ko kwaɓin ginin katanga?"

Na ce, "Haka na iya, Inna. Haka za su ci."

"Su wa? A titi? A akushin babanki?" Sai ga ta a kaina. "Tashi, kafin ki zubar min da mutunci a unguwa."

Na tashi, amma ban ba ta muciyar ba sai da na warware mata tob ɗin na rataye, na ɗaure mata zane tamau a ƙugu, na soke bakin ɗankwalinta. Tana ta tsaki, tana cewa garin zai ƙone ina mata kwalliya. Ta zauna. Ta dubi sandunan, ta ɗora ƙafa ɗaya a hankali, ta ɗora ɗayar. Ta sa muciya ta ɗan tura, kamar mai taɓa ruwa ta ji zafinsa. Tukunya ko gezau. Ta ƙara dannawa. Ba ta motsa ba. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, ta gyara zama, ta yi bismillah.

Wallahi na sha ganin Inna tana tuƙi, amma na ranar daban ne. Ta bi gudajin nan ɗaya bayan ɗaya tana murƙushe su a jikin tukunya, muciya na juyawa, tuwo na tashi yana faɗuwa da wannan sautin da na sani tun ina goye. Ƙanena ya taso ya tsaya bakin rumfa baki buɗe.

Ta ce, "Ƙara wuta." Na murɗa kaɗan, harshen ya ƙaru nan take. Ta ɗago ta kalle ni, hannunta ya riga ya tafi neman mafici a inda ya saba zama, babu shi kuma babu bukatarsa. Bayan ɗan lokaci ta ce, "Rage." Na rage. Ta sake cewa, "Ƙara," na ƙara, "Rage," na rage. Na san na ƙarshen nan ba don tuwo ba ne, gwada mu take yi ni da wutar. Ta yayyafa ruwa, ta rufe don ya sulala, na mayar da wutar ƙasa-ƙasa. Ta zauna tana haki, gumi na zuba, idanunta fes, ba ja ba hawaye.

Da ta kwashe da mara ta gyara shi a akushi, ya fito sumul yana sheƙi. Na rufe ambuba tukuna, na bar wutar da ke cikin tiyo ta cinye kanta, sannan muka sauke tukunyar. Na ɗauko farin ƙyalle daga ragowar ɗinkina na goga a gindinta na miƙa wa Inna. Ta jujjuya ƙyallen, ta kai shi kusa da ido, ba ko ɗigon baƙi a jikinsa, ta ce, "Hm." A wurin Inna wannan babbar magana ce.

Ƙanena ya ɗauki siniya ya fita. Mu muka zauna a tabarma a tsakar gida da dabino da kunu. Aka kira salla. Inna ta kurɓi ruwa, ta ci dabino ɗaya, ba ta ƙara taɓa komai ba, kunnenta na ƙofa. Muna jin hayaniyar maza, da muryar masu tare wani mai babur suna rantsuwa sai ya sauka, sannan shiru, shirun cin abinci. Ni ma na ajiye kunun na kasa kunne.

Bayan sun yi salla sai ga ƙanena da siniya, akushi a share tas kamar an wanke, shi kuma fuska a murtuke. Inna ta ce lafiya?

Ya ce, "Ina fa lafiya. Baffa ne ya wanke ni tas a gaban mutane."

Baffa shi ne tsohon da ke gidan da ke kallon namu, aminin Baba tun suna samari, ya ci tuwon Inna fiye da yadda ni na ci. Unguwa duk ta san maganar likita, shi ma ya sani.

"Loma ɗaya ya kai, ya ajiye hannu. Ya ce min, ya walad, kai yaron nan, ba ka jin tsoron Allah? Likita ya hana uwarka gawayi, ka bar ta ta hura don mu ci daɗi? Na ce Baffa, a gas aka yi. Ya ce in rufe masa baki, shi ba yaro ba ne, ya san tuwon gawayi ya san hannun Hajja. Ya ce gobe in aka sake, shi ba zai ci ba." Ƙanena ya ajiye siniyar. "Amma fa shi ya sharce akushin."

Inna ta fara dariya. Ta fara a hankali, sannan ta ƙyalƙyale, ta riƙe ciki, ta buga cinya, tana cewa, "Ya san tuwon gawayi! Wayyo Baffa!" Ni kuma ban yi dariyar ba, na ƙame ina jira, don na saba da abin da ke biyo baya. Na jira tarin. Dariyar ta yi tsawo, ta sauka da kanta, Inna ta share ido ta ja numfashi har ƙasa, ta sake shi. Tari bai zo ba. A nan ne na fashe da kuka, kukan daɗi, kuma ban ɓoye ba. Na yi nasara a kan gawayi, na yi nasara a kan taurin kan Inna, kuma ban taɓa jin daɗin wata nasara kamar wannan ba.

Ta ce, "Ji sakarya, ana dariya tana kuka. Miƙo min tukunyar."

Ta karkato ta, ta sa bakin mara ta bi gefe a hankali. Ƙanzon ya ɓanɓaro gaba ɗaya, ja-ja, ba ƙuna ko ɗigo, da siffar gindin tukunyar. Tun muna yara ƙanzo na ƙanena ne, shi ne auta, ba a ma tambaya. Ya riga ya miƙo hannu. Inna ta tsallake hannunsa ta ajiye min a cinya.

Ya ce, "Haba Inna, ni fa na kawo gas ɗin gidan nan!"

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka sha shayi a kai." Ta ɓalli ɗan gefe ta ba shi don kada ya yi fushi, sannan ta juyo gare ni tana gyara ɗankwali. "Gobe da la'asar ki nuna min yadda ake kunna abin nan da yadda ake rufe shi. Ba kullum zan zauna jiran ki ba."